Istifanus Mai Amya da Ƙugiyar da Ta Ɓace

A wata 'yar unguwa bayan Likoro akwai wani dattijo da ake kira Istifanus Mai Amya. Gajere ne, mai sanyin murya, kuma ba a taɓa ganinsa yana sauri ba, don ya ce ƙudan zuma ba sa shiri da mai gaggawa. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Shi yake saƙa amyarsa da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, sannan ya hau ɗorawa ya ɗaure. A shekarun da abin ke tafiya, amya arba'in da bakwai gare shi. Da azumi Musulmi su saye zumarsa, da Kirsimeti 'yan cocinsu su saye, shi kuwa ba ya ƙara mata ko ɗigon ruwan sukari. Ran Lahadi shi ke karatu a coci, a hankali, yana bin layi da yatsa.

Sai ƙudan suka fara raguwa. An sare ɗorayi an yi gawayi, kowane manomi kuma ya sayi injin feshi na goyo. Istifanus yakan fita da safe ya tarar da su zube a gindin bishiya, ƙafafu a naɗe, ya share su da tsintsiya kamar ƙaiƙayi. Arba'in da bakwai suka koma ashirin, ashirin suka koma tara. A damanar da muke magana saura uku, duk a kan ɗorawa ɗaya, ita kuwa ɗorawar tana kan iyakar wata gonar wake.

Istifanus ya san abin da ke kashe su, ya kuma san maganinsa. Furen wake da safe yake buɗewa, da safe ƙudan ke sauka a kansa, da safe kuma manoma ke feshi. Da za a jinkirta feshin zuwa gab da magariba, lokacin da ƙudan suka koma gida, da yawansu za su tsira. Magana ce ta numfashi ɗaya. Matsalar ita ce mai gonar waken surukinsa ne.

Gilbert sunansa, malamin firamare, dogo, mutumin wajen Zonkwa, mijin Hephzibah 'yar farin Istifanus. Ranar aure wani abokinsa ya ja shi gefe ya ce masa, "Ka shiga gidan Hausawa fa. Suruki ba a haɗa ido da shi, ba a tsayawa kusa da shi." Gilbert ya ɗauki maganar kamar doka ta goma sha ɗaya. Shekara shida ke nan, da ya hango Istifanus sai ya zube ƙasa, ya cire hula, ya jero gaisuwa kansa a sunkuye, kafin a amsa ta ƙarshe ya ɓace. Sau ɗaya ya faɗa gonar dawa da babur ɗinsa. Istifanus ya fi sanin tsakar kan Gilbert a kan fuskarsa. Shi ya fara lura sanƙo ya kama yaron, tun kafin matarsa ta lura. Shi ma dattijon ba baya ba ne wajen kunya. Bai taɓa kiran sunan Gilbert ba, "mutumin nan" yake cewa. Hephzibah kuwa, da yake 'yar fari ce, "yarinyar nan" ce tun ranar da aka haife ta.

Ba wai bai gwada ba. A bara ya ce wa matarsa Saratu, "Ki gaya wa yarinyar nan ta gaya wa mutumin nan, idan wake ya yi fure a bar feshin safe."

Saratu ita ma ba ta iya doguwar magana da 'yar farinta ba, sai ta gaya wa maƙwabciya, maƙwabciya ta gaya wa mai niƙa, mai niƙa ta gaya wa Hephzibah. Abin da ya isa kunnen Gilbert shi ne: Baba yana son wake da safe. Tun daga ranar, kowace safiya kwanon wake na tsallako katanga, da manja da albasa. Istifanus ba ya ƙaunar wake, kumbura masa ciki yake yi, amma yana cinyewa don kada a ce ya raina. Gilbert kuma, da ya ji ana dawo da kwano fes, sai ya ƙara faɗin gonar bana.

Akwai ƙanwar Hephzibah, Bernice, ma'aikaciyar lafiya a Makarfi, wadda ba ta ɓoye magana a baki. Ta je ta tsaya gaban Gilbert ta ce, "Feshinka na safe yana kashe wa Baba ƙudan zuma."

Amma ƙanwar mata abokiyar wasa ce. Gilbert ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, 'yar asibiti! Ke dai ki ce zuma kike so in sayo miki. Bara kin ce babur ɗina ke hana kaji yin ƙwai."

"Wallahi da gaske nake."

"Bara ma wallahi kika ce."

Ta dawo gida tana huci, ta tarar da mahaifinta zaune a ƙarƙashin rumfa yana kallon gonar. Wake ya yi yaɗo, ya fara ɗaure kai. Kwana goma, ko ƙasa da haka, zai yi fure.

"Baba," ta ce, "a wurin aikinmu idan mutum ɗaya ya ƙi jin magana, ba ma kiran sunansa. Gari guda muke wayar wa kai, shi ma ya ji a ciki."

Istifanus ya ɗago. Wannan dabara ta kwanta masa. Babu suna, babu haɗa ido.

Suka zauna tsara abin da za a rubuta a ƙyallen sanarwa, irin babban nan da ake ɗaurewa a bakin titi. Bernice ta ce kalmomi kaɗan ake so, yadda mai babur zai karanta bai tsaya ba. Istifanus ya ce to, ta rubuta: "Jama'a, ina kwananku, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa."

"Baba, ƙyalle ba ya gaisuwa."

"To da me zai fara? Haka kawai ya faɗo wa mutane da magana?"

"Haka ake yi."

"Ko 'don Allah' ba za a sa ba?"

"Babu wuri."

"Ƙyallen da babu wurin 'don Allah' ai ƙarami ne, a sayo babba."

Suka kai la'asar suna ja. Ya so a sa sunan mahaifinsa, ta hana. Ya so a rubuta cewa ba da kowa ake ba, ta ce wannan shi zai nuna da wani ake. A ƙarshe suka tsaya a kan layi biyu:

ƘUDAN ZUMA NA ƘAREWA
KU YI FESHI DA YAMMA

Saura wurin ɗaurawa. Bernice ta ce a jikin ɗorawar, daidai gonar. Istifanus ya riƙe baki. Ai wannan da zagi ɗaya ne. A kai shi can bakin kasuwar garin Kudan, inda kowa ke wucewa, yadda mutumin nan zai gani kamar bisa tsautsayi.

Bernice ta kai aikin wurin wani mai buga takardu a Makarfi, Felix, saurayi mai tabarau wanda ya yi imani duk abin da aka kawo masa yana bukatar gyara. Kwamfutarsa ba ta da harafin "ka" mai ƙugiya, wadda ke bambanta ƙuda da Kudan, amma bai ga abin damuwa ba. Ya ce kowa zai gane. Sannan ya ce a tsarin zamani ba a rubuta abin da za a iya nunawa, ya cire kalmar "zuma" ya sa hoton ƙudan a gurbinta. Ya turo wa Bernice ta waya tana tsakiyar awon ciki, ta duba da ido ɗaya ta ce ya yi, don a waya ba wanda ke sa ƙugiya, idonta ya saba. Ranar bugawa tawada mai launin ruwan ɗorawa ta ƙare a injin Felix, hoton ya fito wani baƙin dunƙule mai fukafukai. Ya naɗe, ya ba wani direba, direba ya ɗaure shi tsakanin turaku biyu a bakin kasuwa ya wuce.

Abin da mutanen Kudan suka wayi gari suka gani shi ne:

KUDAN NA KAREWA
KU YI FESHI DA YAMMA

da wani baƙin abu a tsakiya.

Direbobin Makarfi ne suka fara leƙo kai ta taga suna cewa, "Mun ji kuna ƙarewa! Wa za ku bar wa gonakin?" Kafin azahar maganar ta kai kowane zaure. Wasu suka ce annoba ce gwamnati ke ɓoyewa. Wasu suka ce ƙidaya aka yi aka ga an ragu. Wani ya ce shi ma ya lura, don layinsu bara akwai tela uku, bana biyu. Baƙin abin kuwa, masu shayi suka ce jirgin sama ne, mahauta suka ce sauro ne, wata tsohuwa ta ce ta san shi, amma ba za ta faɗi sunansa ba.

Abu ɗaya ƙyallen ya faɗa ƙarara: a yi feshi. Bai ce feshin me ba. Mai turare ya sayar da kayansa kaf a yini ɗaya. Aka fesa ƙofofi, aka fesa babura, aka fesa awaki. Wanda ba shi da inji ya guntsi ruwa ya fesa kamar mai guga. Sai gardama ta tashi a kan kalmar "yamma": lokaci ake nufi ko kusurwa? Aka kai ruwa rana, aka sasanta a kan a yi duka biyun, wato a fuskanci yamma da yamma. Mutanen unguwar yamma suka kawo ƙara cewa komai a kansu yake sauka. Manoma kuma, tun da injin na goye a baya da yamma, sai suka riƙa wucewa gona da shi. Feshin safe ya tsaya cak a ƙauyukan da ke kewaye.

Istifanus bai san komai ba sai ranar kasuwa, kwana na biyar. A hanya ya lura gonaki shiru, babu mai feshi ko ɗaya, ransa ya yi fari. Ya isa bakin kasuwa ya ɗaga kai. Mutum ne da ya koyi karatu yana da shekara talatin a ajin manya, wurin malamin da ke dukan tebur idan an manta ƙugiya. Ya karanta sau ɗaya, ya karanta sau biyu.

"Babu ƙugiya," ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ya nufa.

Alhaji Zakiyyu, shugaban 'yan kasuwa, yana zaune a benci kusa da turken, yana ƙamshin turare kala uku. Kwana biyar yana neman wanda ya ɗaura ƙyallen.

"Malam Istifanus, barka da hantsi. Me ka ce?"

"Barka kadai, Alhaji. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Yaya iyali? Me ka ce babu?"

Istifanus ya tuna gonakin da ya wuce. Idan ya ce bai ce komai ba, ƙasar nan gaba ɗaya za ta ci gaba da feshin yamma har wake ya nuna. Ba ƙarya zai yi ba, shiru kawai zai yi. Sai ya hango wata mata ta ɗauko ɗanta tana tambayar mai magani ko an san ranar da za a ƙare ɗin, don ta kai shi wurin 'yan'uwanta a Ikara.

"Alhaji, ni na sa aka rubuta," ya ce. "Ba garinku ba ne. Ƙudan zuma ne."

Aka kawo ganga, aka karɓo baƙin fenti wurin mai gyaran keke. Istifanus ya hau, ya lanƙwasa ƙugiya a kan ka ta farko da ta biyu, ya rubuta "zuma" a ƙarƙashin baƙin dunƙulen. Kasuwa ta taru tana kallo. Da aka karanta sai aka ji wani dogon numfashi, rabinsa sauƙi, rabinsa takaici.

"Ashe ƙwari ne!"

"Kwana biyar ina fesa wa akuyata turare saboda ƙuda?"

"Ni na yafe wa ƙanena gona, na zaci tafiya za mu yi!"

Alhaji Zakiyyu ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Malam Istifanus, kai ba mai neman fitina ba ne. Gonar wa ke kusa da amyarka?"

"Ta wani mutum."

"A ina yake?"

"Katanga ɗaya muke."

"Katanga ɗaya! Ka tsallake katanga, ka tsallake Likoro, ka je Makarfi, ka dawo Kudan ka tayar mana da hankali? Bebe ne kai ko kurma ne shi?"

Istifanus ya sunkuyar da kai yana kallon fentin da ke yatsunsa. Alhaji ya dube shi, ya sake dubansa, sai muryarsa ta sauka.

"Suruki ne?"

Istifanus ya gyaɗa kai alamar e. Babu wanda ya yi dariya. Maza suka riƙa girgiza kai suna cewa "Allah sarki," har mai akuyar ya zo ya taimaka masa ya sauko daga ganga.

"Da ka zo wurina," Alhaji ya ce. "Ni mijin 'yata, shekara goma sha biyu, duk maganar da nake da ita jakinsa nake gaya wa. Yana tsaye yana ji. Jakin nan ya san sirrin gidana fiye da limami."

A gida labari biyu ke jiransa. Na farko daga Bernice: Gilbert bai ga ƙyallen ba, ba kuma zai gani ba. Tun da ya ji Baba na cin kasuwar Kudan, shekara shida bai taka ta ba, Makarfi yake zagayawa. Na biyu ba wanda ya gaya masa, hancinsa ne ya ji. Wake ya buɗe fure a safiyar nan, Gilbert ya fesa rabin gonar lokacin da shi dattijon yake can kan ganga. Istifanus ya je gindin ɗorawa. Amyar da ke reshen ƙasa ta yi tsit, mutanenta na zube a ƙasa, wasu na juyawa a wuri ɗaya. Bai share su ba. Saura biyu, saura kuma rabin gona.

Washegari da sassafe ya ji ƙarar famfon inji, fuf, fuf. Ya sa takalmi. A karo na farko a rayuwarsa Saratu ta ga yana sauri.

Gilbert ya hango shi ya zube a tsakiyar kunyar wake, ya cire hula. Ya so gudu, amma tankin da ke bayansa cike yake, ya danne shi.

"Baba, ina kwana. An tashi lafiya. Ina gajiya. Yaya Mama. Yaya sanyi."

Istifanus ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya masa baya, ya fuskanci ɗorawa, ya gyara murya kamar zai yi karatun Lahadi.

"Ke ɗorawa," ya ce. "A da, amya arba'in da bakwai gare ni. Jiya da safe uku kike ɗauke da su. Yau biyu. Ki dubi gindinki."

Ya ji motsin Gilbert yana juyo da kai.

"Ke ɗorawa, ba na cewa kowa ya bar feshi. Wake sai da feshi. Amma ƙudan nan da safe suke kan fure. Da za a bari sai rana ta kusa faɗuwa, da ba su mutu ba."

Sai muryar Gilbert ta fito can ƙasa, yana kallon bututun da ke hannunsa.

"Kai inji," ya ce, "ashe kai ne? Ashe 'yar asibiti ba wasa take ba?"

"Ɗorawa, ba wasa take ba."

"Inji, me ya sa ba a gaya mana ba tun bara?"

"Ɗorawa, an gwada."

"Inji, ka ji kunya. Daga yau ba ka ƙara fita sai gab da magariba. Ka ji ko? Ka ba ɗorawa haƙuri."

"Ɗorawa ta haƙura," in ji Istifanus, ya share ido da gefen riga.

Magana ta ƙare, amma sai wata matsala ta taso. Gilbert ba zai miƙe ba sai babba ya tafi. Istifanus kuma ƙafarsa ta ƙi barin wurin. Bayan abin da ya gani jiya, ba zai iya juya wa amya biyun nan baya ba alhali tanki na cike a gona. Sai ya zauna a kan saiwa, fuskarsa ga bishiya. Gilbert ya ci gaba da tsuguno, fuskarsa ga wake. Rana ta hau. Ƙudan suka fito suka sauka a rabin gonar da ba a fesa ba, suna shiga fure suna fita, wasu har suna hutawa a kan sanƙon Gilbert, bai motsa ba.

Da azahar Hephzibah ta zo da tuwo kwano biyu. Ta dubi mahaifinta, ta dubi mijinta, ta ajiye kwanonin a tsakaninsu, ta gaya wa iska cewa miyar kuka ce, ta koma. Masu wucewa suka riƙa gaishe su ɗaya ɗaya, kowa ya amsa ta nasa gefen.

Da rana ta yi ja, Istifanus ya ɗaga kai yana kallon bakin amya har ƙudan ƙarshe suka shige.

"Ɗorawa," ya ce, "yanzu kam."

Gilbert ya yunƙura, ƙafafunsa sun mutu, ya faɗi gefe, ya sake yunƙurawa ya dafa sandar inji ya miƙe. Ya fara feshi daga can ƙarshen gonar yana ɗingishi. Amya biyun nan sun kai kaka da ransu.